Sauya madabod ɗin saba: abin da ke bin tsohon allo da abin da ke zama a faifai

Washegarin ruwan farko mai tsawa na bana, ko karyawa ban yi ba waya ta shigo daga wani asibiti mai zaman kansa a nan cikin Gombe. Mai kula da ɗakin kati ce. "Injiniya, don Allah ka taimaka ka zo, saba ta ƙi tashi, ga baranda ta cika da mutane." Da na isa na tarar da kwamfutocin ɗakin kati, na kantin magani da na mai karɓar kuɗi duk a kunne, sai dai ba wadda ke iya buɗe fayil ɗin majiyyaci ko guda. An koma biro da takarda. A wani ɗan ɗaki bayan ofishin akanta, ga sabar nan, Dell PowerEdge R720, kwance kan tebur, ɗan gilashin da ke goshinta, wanda kullum shuɗi yake nunawa, ya koma ruwan lemo. In ka danna maɓallin kunnawa fankoki su yi ƙugi na ɗan lokaci, sai tsit.

Likitan da ke da asibitin bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Malam, bayananmu sun tafi ke nan?" Na ce masa in sha Allahu suna nan, muddin ba wanda ya yi gaggawa. Na ga alamar amsar ba ta gamsar da shi ba, amma iyakar gaskiyar ke nan. Ita nake so in warware a nan, domin makarantu, asibitoci, cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da ƙananan bankunan da ke da irin wannan na'ura sun yawaita a Gombe da Bauchi, galibi kuma ta gwanjo ce, ba garanti, ba kamfanin da zai turo ma'aikacinsa in ta lalace.

Saba, wadda wasu marubutanmu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aka ƙera don ta wuni ta kwana a kunne tana yi wa sauran kwamfutoci hidima. Madabod kuwa, ko allo kamar yadda zan riƙa cewa, shi ne faffaɗan farantin nan kore da kowane sashe ke zaune a kansa: furosesa mai yin lissafi, RAM mai riƙe aikin da ake ciki, katin da ke kula da faya-fayan ajiya, katin netwok, fankoki, har da fawa mai ba da wuta. Masu gyaran waya fanel suke ce wa nasu. Bayanan asibiti ba a allo suke ba, a faya-fayan da ke jere a gaban na'urar suke, shi ya sa na iya kwantar wa likita da hankali. Abin da allon saba ke riƙe da shi shi ne shaidar na'urar: lambarta ta kamfani, saitin da ke gaya mata daga wane faifai za ta tashi kuma ta wace hanya, adireshin netwok, lasisin wasu abubuwa, makullin ɓoye bayanai in an sa, har da agogo. Wanda ya taɓa sayen motar da lambar shasinta ta saɓa da ta takarda ya san abin. Inji lafiya, taya lafiya, amma kowane shinge sai ka sauko ka yi bayani. Cire allo a mayar da wani, aikin awa ɗaya ne ga wanda hannunsa ya faɗa. Shingayen nan ne ke cin kwanaki.

Kafin ma a kai nan, sai an tabbatar allon ne ya mutu, don na sha ganin allon da aka yanke wa hukunci ba da laifinsa ba. A kan allon saba akwai wata ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta, da ke farkawa da zarar an jona wuta ko da babbar na kashe. Dell na kiran tata iDRAC, HP kuma iLO. Aikinta sa ido: fanka ta tsaya, zafi ya hau, wuta ta yi sama ko ƙasa, wane ramin RAM ya yi kuskure, duk tana rubutawa da rana da sa'a. In tana amsawa, ka jona laftof ka karanta kundinta tun kafin ka ɗauki sukurudireba. Sannan a zare igiyoyin wuta duka biyu, a danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti don sauran cajin da ya maƙale ya tsiyaye. Saba da dama da aka ce sun mutu a nan suke farfaɗowa. In ta ƙi, sai a tuɓe ta, a bar furosesa ɗaya a mazauninta, wato soket, na farko, RAM ɗaya a rami na farko, fawa ɗaya, a cire duk katunan da aka ƙara, a janye faya-fayai. A gwada da wannan fawa, a gwada da wancan. Kati guda da ya ƙone yana iya hana na'urar duka tashi, haka RAM guda. Batirin agogo ma, ɗan zagayayyen nan CR2032 mai bolt 3 da ake samu ko a wajen mai gyaran agogo, in ya mutu yakan sa ta manta saitinta har a zaci wani babban abu ne.

Ta asibitin nan ba gwajin da ya tashe ta, kundinta kuma ƙorafi ɗaya yake ta maimaitawa: wutar wani sashe na allon ta fita daga iyakarta. Da na ɗaga katin netwok na haska tocila, sai ga baƙin tabo kamar girman ƙwayar wake a kan allon, irinsa kuma a ƙasan katin, ga ɗan ƙauri bai gama fita ba. Allo ya tafi, katin netwok ya bi shi.

A Gombe ba ka shiga shago ka sayi allon saba. Sai dai ka buga waya Kano wajen 'yan titin Beirut, ko Abuja wajen 'yan Banex, ko kuma kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, inda yawancin kayan suke fitowa tun farko. A nan ne mutane ke fara asarar kuɗi, saboda suna faɗin sunan na'ura kawai. R720 ta fito a 2012, ƙanwarta R730 a 2014. In ka gan su jere sai ka rantse tagwaye ne, amma ba abin da ɗaya za ta ara wa ɗaya: soket ɗin waccan LGA2011 ne, na wannan LGA2011-3, waccan RAM ɗinta DDR3 ne mai haƙora 240, wannan DDR4 mai 288. Ko a cikin samfuri ɗaya akwai bambanci. HP ProLiant DL380p Gen8 allonta iri-iri ne, wani ƙarfen sanyaya furosesarsa na maƙalawa ne, wani na ɗauri da sukuru. Saboda haka lambar kayan da ke manne a jikin allon ita za ka ɗauka hoto ka tura, ka ce irinta kake so. Akwai kuma maganar BIOS, wato manhajar da ke zaune a cikin allon kanta. Furosesa Xeon E5-2600 v2, wadda ta fito a 2013, ba ta tashi a kan allon R720 mai tsohon BIOS na farkon fitowa. Sai ka ga an kawo allo lafiyayye, an ɗora furosesa lafiyayya, na'ura ta ƙi motsi, a yi ta zargin mai kaya. Ni nakan ce wa mai sayarwa ya sabunta BIOS a wajensa, ya kunna ya ɗauko mini bidiyo ina ganin lambar a sikirin, ya kuma ɗauki hoton soket biyun kusa-kusa da haske mai kyau.

In ra'ayina za a bi, a irin wajenmu gara a sayi gangar jikin saba guda irin taka, ko babu faifai babu RAM, da a sayi allo tsura. Allo tsura zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Legas a but ɗin mota, a naɗe cikin kwali, ƙila buhun wani a kansa. A cikin gangar jikinsa kuwa a ɗaure yake, kuma ka samu fawa biyu da fankoki na ajiya. Na faɗa wa likita haka, ya duba bambancin kuɗin ya ce a kawo allo da katin netwok kawai. Aljihunsa ne, ban ja ba.

Kwana uku muka yi muna jiran kaya, kuma a cikinsu ne na gane girman abin da ba a tanada ba. Kwafin bayanai na ƙarshe da aka ɗauka a faifan waje tun kafin azumi ne. Ba wanda ya san saitin BIOS, ba wanda ya taɓa fitar da lasisin iDRAC ya ajiye, wanda ya haɗa musu netwok ɗin kuma ya koma Bauchi da aiki. Duk waɗannan, lokacin da saba ke da rai, aikin minti kaɗan ne: iDRAC na iya fitar maka da saitin na'urar duka a fayil guda, lasisi ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya rage mini shi ne hoto da alƙalami. Na ɗauki hoton kowace igiya a inda take, na kowane jerin RAM, na bayan na'urar. Faya-fayai shida na manna wa kowanne ɗan farin salatif na rubuta lambar raminsa, kuma a lura, Dell daga 0 take fara ƙirga ramuka, ba daga 1 ba.

Akwai wani maƙiyi da ba a gani, wanda mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa saninsa. Da hunturu, in ka cire rigar sanyi a duhu kana ganin tartsatsi, ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka. Mutum ba ya jin wannan sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 ya isa ya illata ƙananan sassan da ke kan allo, kuma ba lalle illar ta bayyana nan take ba, sai bayan wata biyu na'ura ta fara sumewa ba dalili. Bushewar iska ke ƙara shi. Maganinsa igiyar hannun nan mai maƙali, ka ɗaura a tsintsiyar hannu ka maƙala bakinta a ƙarfen gangar jikin. In babu, ka riƙa dafa ƙarfen kafin ka taɓa komai, kar ka tsaya a kan kafet, allo kuma ya zauna cikin ledarsa mai ruwan toka har sai an zo ɗora shi.

Kwancewar kanta ba ta da wuya, don an ƙera saba ne yadda za a gyara ta da sauri. A na Dell, duk inda ka ga shuɗin roba wajen kamawa ne, ruwan lemo kuma alama ce ta abin da ake iya cirewa na'ura na kunne. A ɗage murfin robar da ke bi da iska, a ɗaga akwatin fankoki gaba ɗaya, a cire katuna da matakalansu, a zare igiyoyi. Allon R720 ba tarin sukuru ke riƙe da shi ba. Ka ɗaga ɗan shuɗin fil, ka zame allon ya yi gaba, ya saki. Wajen mayarwa ne za ka karkata shi a hankali don ramukan baya su shiga tagoginsu ba tare da ƙasansa ya gogi ƙarfe ba.

Inda nake riƙe numfashi shi ne soket. A irin wannan furosesa ba ta da ƙafafu, shafaffen zinare ne a ƙasanta. Ƙafafun a soket suke, guda 2,011, kowace siririya kamar gashin gira, duk a ɗan kwance suke. In ka haska su a karkace suna sheƙi bai ɗaya kamar gonar shinkafa da iska ta bi ta kai, kuma da haka ake gane wadda ta lanƙwashe, don ita kaɗai za ta yi wani haske daban. Ƙafa ɗaya ta karkace, sai ka ga layin RAM guda ya ɓace, ko na'ura ta ƙi tashi ɗungum. Na taɓa rasa allo sukutum saboda hannun kaftanin yarona ya shafi buɗaɗɗen soket yana miƙo mini tocila. Tun daga ranar, mai dogon hannu sai ya naɗe kafin ya matso tebur. Sabon allo yakan zo da baƙin murfin roba a kan kowane soket. Ɗaya bayan ɗaya ake yi: ka buɗe sandunan tsohon bisa jerin da aka zana a jikinsu, ka ɗaga furosesa ta gefe-gefe, ka daidaita ɗan kusurwar zinaren da ke lungunta da alamar da ke soket, ka ajiye ta, ba dannawa. In ba ta zauna da kanta ba, ba daidai take ba. Murfin robar kuma ka mayar da shi kan tsohon. Tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli, a goge shi tas da sifirit, a sa sabo kaɗan, a ɗaure sukurori a gicciye, wannan lungu sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan.

RAM kuma kowanne ya koma raminsa na da. Ramuka 24 ne, A1 zuwa A12 na furosesa ta farko, B1 zuwa B12 na ta biyu, kuma na B ba sa aiki in babu furosesa ta biyu. Masu farin maƙali ake fara cikawa. Ba a haɗa RAM nau'in RDIMM da nau'in LRDIMM a na'ura ɗaya. Murfin iskar nan da yake kama da roba marar amfani, kar a manta da shi, shi ke tilasta iska ta bi ta kan RAM da furosesa.

Kunnawar farko nakan yi ta faya-fayai na janye, katinsu ma ban zaunar ba, don duk wani kuskure da zan yi kar ya isa ga bayanai. Fankoki za su tashi da ƙara kamar injin niƙa, sikirin ya daɗe baƙi, ta iya kashe kanta ta sake tashi sau biyu ko uku tana ƙidayar abin da ke jikinta. Akanta da ke tsaye a bayana ya ce, "Oga, ko a zare a sake jonawa?" Na ce ya bar ta. Zare wuta a irin wannan lokacin, musamman in tana sabunta wata manhaja ta ciki, shi ke mayar da sabon allo gawa.

Da ta nuna alamar Dell sai a danna F2, a shiga saiti. Shinge na farko lambar na'ura, wadda Dell ke kira Service Tag, haruffa da lambobi 7 da ke rubuce a ɗan harshen robar da ake jawowa a gaba. Allon da ya fito sabo daga kamfani ba shi da lamba, kai za ka shigar, kuma sau ɗaya tak ake ba ka dama, in ka yi kuskure saitin ba zai bar ka ka gyara ba. Daga R730 Dell ta kawo sauƙi da wani tsari mai suna Easy Restore, inda na'urar ke ajiye lambar da lasisi da saiti a wata 'yar ma'ajiya da ba a kan allon take ba, in ta ga sabon allo sai ta tambaye ka ko ta mayar. A HP kuwa F9 za ka danna ka shigar da lambar siriyal da lambar samfuri da hannu. Allon gwanjo shi da tasa lambar yake zuwa, ta na'urar da aka ciro shi, wani lokaci har da kalmar sirrin iDRAC ta wani kamfani a Turai ko Amurka da adireshin netwok ɗinsu. Sai ka mayar da iDRAC ɗin yadda ya fito daga masana'anta, ka shiga da sunan root da kalmar sirri calvin, waɗanda duk mai wannan sana'a ya haddace, ka canza su nan take saboda wannan dalilin. Lasisin iDRAC Enterprise, wanda ke ba ka damar ganin sikirin ɗin saba daga nesa, a ɗaure yake da lambar na'ura. Namu mun yi sa'a allon ya zo da nasa.

Sai babban shinge. Faya-fayan saba ba ɗai-ɗai suke aiki ba, a haɗe suke ƙarƙashin tsarin da ake kira RAID. A RAID 1 faifai biyu ne kowanne kwafin ɗan'uwansa. A RAID 5, wanda asibitin ke kai, ana yanka bayanai ana rarraba su a kan faifai uku ko fiye, tare da wani lissafi da zai ba da damar sake gina abin da ke kan guda ɗaya in ya mutu. Ma'ana, in ka ɗauki faifai ɗaya ka jona a wata kwamfuta ba abin da za ka karanta, gutsattsari ne. Taswirar yadda aka jera gutsattsarin tana rubuce a jikin faya-fayan kansu, katin da ke kula da su kuma yana da nasa kwafin. In katin ya farka ya ga taswirar da ke faifai ba ta dace da abin da ya sani ba, sai ya tsaya ya rubuta da Turanci cewa ya ga Foreign configuration, wato baƙon tsari. Ko katin bai canza ba yakan yi haka bayan irin wannan kai-kawo, kuma namu ya yi.

Zaɓi biyu yake ba ka, Import da Clear. Na farko na nufin ya karɓi taswirar da ke faifai ya yi aiki da ita. Na biyu na nufin ya share ta. Matsalar ita ce ga wanda bai sani ba, kalmar baƙo tana kama da cuta, sharewa kuma tana kama da magani. Na san wata makaranta da sakamakon ɗalibanta na shekaru ya salwanta a wannan sikirin, mai gyara ya share, ya ga ba faifai, ya ƙirƙiri sabon tsari ya kuma wanke shi. Sharewa kaɗai ƙwararru kan iya ceto bayanta, amma in aka ɗora sabon tsari aka wanke, sai dai haƙuri. Ko Import ɗin ma ba da ka ake danna shi ba. Ka shiga saitin katin da Ctrl da R, ka duba abin da yake shirin karɓa: faifai nawa ya gani, RAID nawa, girman ya yi daidai? In duka faya-fayan ne suka fito a baƙi, karɓa ce daidai. In guda ɗaya ne kawai baƙo sauran na aiki, to a dakata, wataƙila ya daɗe da faɗuwa daga jerin ba wanda ya lura, abin da ke kansa tsohon labari ne. Namu shida suka fito, shida na lissafa da yatsa a kan sikirin, likita na tsaye yana kallo, sannan na karɓa.

Katin kansa kar a raina shi. Namu, PERC H710, yana da ma'ajiyar wucin gadi ta megabait 512 inda yake riƙe abin da bai kai ga rubutawa a faifai ba, da batirin da ke ba shi damar adana shi in wuta ta yanke. Rubutun ƙarshe na daren da abin ya faru yana iya kasancewa a can. A DL380p Gen8 ta HP kuma, mai kula da faya-fayan, P420i, a jikin allon yake, don haka canza allo canza shi ne. Sai ka ciro 'yar ma'ajiyarsa da abin riƙe cajinta daga tsohon ka dasa a sabon, shi kuma ya karanto taswirar daga faifai.

RAID ya dawo, amma Windows ta ƙi tashi, na'ura na cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Fuskar likita ta canza. Wannan ƙaramin abu ne: hanyar tashi iri biyu ce, tsohuwar ta BIOS da sabuwar ta UEFI, kuma wadda aka girka Windows da ita dole ita za a zaɓa. Allon ya zo a kan ɗaya, asibitin na kan ɗaya. Na juya, ta tashi. Da a ce sun kunna BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, a nan za ta tsaya ta nemi lambobi 48 na ceto, domin makullin yana cikin wani ɗan guntu mai suna TPM da ke tare da tsohon allo. A R730 ma, da zarar an dasa guntun ya ɗauru da allonsa, ba a mayar da shi kan wani. Wanda bai ajiye lambobin nan a takarda ba, bayanansa na nan lafiya a faifai amma har abada ba mai buɗe su.

Windows ta tashi, ɗakin kati har yanzu shiru. Kowane katin netwok yana da lambarsa ta haihuwa da ake kira MAC, kuma tunda mun canza kati, Windows ta ɗauke shi baƙo, ta bar tsayayyen adireshin saba a jikin tsohon katin da ba ya nan. Kwamfutocin asibiti na ta ƙwanƙwasa gidan da mai shi ya tashi. Na leƙa saitin ɗaya daga cikinsu na ga adireshin da take nema, na sa wa sabon katin. A R720 katin netwok daban yake da allo, da bai ƙone ba da lambarsa ta biyo shi. A na'urorin da ramukan netwok ke jikin allo kuwa, kowane canjin allo sai an yi wannan. Manhajar asibitin ita ma ta ƙi buɗewa, ta ce lasisinta ba na wannan kwamfuta ba ne, don masu ita sun ɗaure shi da lambar MAC. Sai da aka yi waya da su, aka tura sabuwar lamba, aka jira har bayan la'asar. Windows ma ta nemi a sake tabbatar da lasisinta. Windows Server 2012 R2 ce, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro na kyauta tun Oktoban 2023, na kuma gaya wa likita wannan wata magana ce da za mu zauna a kanta.

Agogo ne ya kusa kunyata ni. Allon ya zo da wata shekara can baya, na gyara kwanan wata na manta ban duba sa'a da kyau ba. Kwamfutocin da ke shiga ta Active Directory, tsarin Windows na tantance masu shiga, ba sa yarda da saɓanin da ya wuce minti 5 tsakaninsu da saba, sai ma'aikata suka fara cewa kalmar sirrinsu ta daina aiki. Batirin agogon ma na canza shi, tunda ban san shekarunsa ba.

Saura tambayar da ba wanda ya yi mini: me ya kashe na farkon? Na bi igiyar da ke shiga ramin da ya ƙone, ta fita ta taga, ta hau bango, ta nufi dogon ƙarfen da aka ɗaura na'urar intanet a samansa. Kai tsaye take shigowa cikin saba, ba wani abin tare tsawa a tsakani, ƙarfen kuma ba a yi masa wayar ƙasa ba. Ba sai tsawa ta faɗo a kansa ba, ta sauka kusa ma ya isa. A ɗakin kuma fawa biyun, waɗanda aka yi su biyu don in hanya ɗaya ta yanke ɗaya ta riƙe, duk a soket ɗin ƙari guda aka cusa su. UPS, mai riƙe wuta in an ɗauke, na nan, batirinsa ya kumbura, duk sauyin da za a yi tsakanin wutar gari da janareto a jikin saba yake sauka. Na'urar sanyaya ɗaki ana kashe ta da dare don a rage wa janareto nauyi, alhali Dell ta ƙayyade wa irin wannan na'ura zafi daga digiri 10 zuwa 35, Gombe kuwa a Maris da Afrilu takan taɓa 40 a waje, balle rufaffen ɗaki. Ƙurar hunturu ta yi kauri a kan tsohon allon har ana iya rubutu da yatsa, kuma irin wannan ƙura in danshin damina ya shige ta wuta na iya bi ta cikinta. Likita ya yarda a canza batirin UPS, a raba fawa biyun, a sa abin tare tsawa a kan igiyar, a kuma haƙa wa ƙarfen wayar ƙasa. Maganar sanyaya ɗaki da dare ya ce sai ya yi lissafin man dizal.

Kafin in tafi na fitar da saitin na'urar da lasisinta na zuba a filashi biyu, na rubuta adireshin netwok, hanyar tashi da jerin faya-fayai a takarda, akanta ya sa a fayil ɗin da yake ajiye takardun fili. Tsohon allon kuma likita ya ce in tafi da shi. Yana shagona, soket ɗaya a rufe da murfinsa, ɗayan a buɗe, a kansa sabon yarona ke koyon ɗora furosesa, hannun riga a naɗe.